Gimbiyar Ɗanmaliki

A shekarar Udoji labari ya cika Kusada cewa Ɗanmaliki ya sayo kogin Kaduna, ya yanko shi a akwati, ya ɗoro a bayan mota. 'Yan ƙauyen Kaikai ma sun rantse da kada a ciki. Ƙarya ake yi wa bawan Allah. Akwatin gilashi ne, bai wuce tulu biyu na ruwa ba, da kifaye tara waɗanda duk aka haɗa ba su isa miyar mutum ɗaya ba.

Amma fa mai akwatin babba ne. Wata shida ya yi yana akawu a Kaduna, ya dawo da biro huɗu a aljihu da tabarau marar magani. Sodangi, taubashinsa, ya naɗa shi Sarkin Ruwan Gilashi, shi kuwa ya karɓa hannu biyu. Abin da yake nema ɗaya ne: a ba shi shugabancin kiwon kifi a dam ɗin da za a gina, kuma jami'in gona zai zo daga Kankia ranar Alhamis ya gwada iliminsa.

Cikin kifayen akwai wani shuɗi, irin da ake kira gurami, mai tasowa sama ya kurɓi iska. Ɗanmaliki ya ce shi yake gaidawa. Mai sayarwa ya so nuna masa yadda ake gane namiji da tsinin ƙayar baya, mace kuwa tata a zagaye. Ya ɗaga masa hannu, ya ce ba a koya wa akawu.

Da shuɗin ya fara tara kumfa a lungu yana yin sheƙa, Ɗanmaliki ya tara jama'a a zaure.

"Ilimi ke nan. Wa ke shimfiɗa? Wa ke gyaran ɗaki? Mace. Daga yau sunanta Gimbiya."

Ya aika Kaduna aka kawo mata miji, ƙato mai tsinin ƙaya. Tun da aka zuba ango a ruwa ake dambe. Ƙananan kifayen suka ɓuya bayan dutse, ango ya rasa rabin wutsiya. Goggonsa Iyatu ta leƙa ta ce ita zakaru biyu take gani a akurki ɗaya. Ya ce mata haka masu boko ke hira, kuma ya yi alkawarin 'ya'ya ɗari biyu, har ya fara rabo.

Ranar Alhamis jami'in ya zo a babur. Ɗanmaliki ya yi jawabi har shayi ya huce. Mutumin ya duƙa, ya duba, ya miƙe, ya ce a hankali duka biyun maza ne, kuma a gurami namiji ke gina sheƙa. Ya tambaya ko akwai wani a garin da ya taɓa kama ko tarwaɗa. Aka nuna masa Sodangi.

Bayan tafiyarsa Sodangi ya durƙusa gaban gilashin, ya gaida Malam Gimbiya, ya tambayi Sarkin Ruwa ko bikin sunan 'ya'yan yana nan, don ya sa a soya masa rabonsa.

Ɗanmaliki ya cire tabarau, ya dube shi sama da ƙasa.

"Laifinka ne, Sodangi. Shekara talatin ina ganinka kwance gindin darbejiya, ko akurki ba ka taɓa ɗaurawa ba. Ina zan san namiji na aiki?"