Yadda Za Ka Kashe Injin Da Bai Yi Maka Komai Ba

Ɗan'uwa, yau ce jarrabawarka ta tuƙa jirgi mai inji biyu, ga shi Inna ta riga ta shaida wa unguwa kaf ɗanta ya zama matuƙi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari yau sai kowa a filin jirgi ya san sunanka.

1. Gyara tabarau

Kuna kaiwa sama, malaminka zai miƙa hannu ya rage wa inji ɗaya wuta, don ya ga yadda za ka yi ranar da inji ya mutu da gaske. Hancin jirgi zai karkace. Kai dai gyara zaman baƙin tabaraunka, gaggawa ta 'yan koyo ce.

2. Kada ka tambayi ƙafarka

An koya maka cewa ƙafar da ba ta danna feda, a ɓangarenta injin ya mutu. Haba! Duk karatun nan naka, ƙafa ce za ta ba ka shawara? Danna duka biyun, kada wata ta ga an fifita 'yar'uwarta.

3. Hukunta mai surutu

Kasa kunne. Inji ɗaya ya yi laƙwas, ɗayan sai ruri yake. A gidanku wa ake tsawatarwa, ba mai ihu ba? Kashe shi.

4. More shirun

Malam zai daka maka tsawa: "Kai! Wanne ka kashe?"

Ka ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya hana mu jin magana."

In ya fara salati, taya shi, ladabi ke nan. In ya ce cire hannunka, cire har da ƙafa. Bar shi ya mayar da wutar injin da ya rage wa ɗazu ya sauke ku, ai don haka aka ɗauke shi aiki.

5. Tsara labarin gida

Motar kashe gobara za ta raka ku har bakin rumfar jirage. Tsaya kusa da ita a ɗauke ka hoto. A gida ka ce wa Inna, "Inji biyu suka ɗauke a sama, amma muka sauko lafiya." Wallahi ba ka yi ƙarya ba. Wanda ya kashe na biyun ne kawai ba ka ambata ba.

Sanarwa: ba ruwana da lasisin da aka hana ka, balle hawan jinin malam. Kuma ranar da Inna ta ci ado ta nufi filin jirgi don ta yi wa malaminka godiya da bakinta, kada ka neme ni.