Ranar da Goshina Ya Kwaso Yashin Jiratawa

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, amma tunda rabin Sabon Gari sun riga sun ji shi da gishiri, gara ku ji daga bakin mai shi. Ranar dai ko na so in manta, ba za a bar ni ba.

Shekara ashirin ina bin kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Kwatano da Lome, rana ta tattare mini goshi kamar kunyar gero. A Lome wata mai butik ta dube ni ta ce akwai man da ke goge tamoji cikin sati biyu. Na yi dariya, na ce mu mun wuce nan. (Na koma na saya bayan abokan tafiya sun shiga mota.) Na ɓoye shi cikin aljihun tsohuwar jaka, don kada Hajiya ta gani.

Sai ƙanena ya zo ya ce ni zan ja gaba a je Jiratawa neman wa ɗansa Sani aure. Yaron ya shekara biyu yana jiran wannan rana, kuma kakan yarinyar, Malam Idi, an ce tsoho ne mai duba mutum kafin ya saurari maganarsa. Na ce to, bari ya ga fuska. Na yi alwala, na rufe ƙofa, na lafta man nan har sau uku.

Muka isa da la'asar, zafi kamar bakin tanda. Aka kawo buta. Ni kuwa da na tuna abin da ke fuskata, sai na ce, "Ina da alwalata." Aka ce in shiga gaba in ja salla. Tabarma ba ta isa ba, na ce ai yashin ma tsarkakakke ne.

Na sallame, na juyo da fara'a zan buɗe zance, sai na ga sahu duk ya zuba mini ido. Ƙanena yana ta shafa goshinsa yana zare mini ido, ni kuma na ɗauka addu'a yake, na ce amin. Ashe goshina da hancina sun kwashe yashi kamar an barbaɗa wa ƙuli-ƙuli yaji. Na sa hannu in share, sai na ƙara damawa har gemu.

Malam Idi ya matso, ya shinshina. "Alhaji, wannan ƙamshin ai irin na amare ne. Wa aka zo nema wa aure, kai ko yaron?"

Na ga in na yi ƙarya na kashe wa Sani aure. Na ce, "Baba, man tsufa ne. Tsoron idonka ya sa na shafa."

Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce wanda ya faɗi wannan a gaban mutane ba zai ɓoye musu halin ɗansa ba. Ya ba mu yarinya.

Tun ranar na gane tamoji bai taɓa kunyata kowa ba, gudunsa ne ke jawo magana. Da zan hau moto, sai wata gwaggon yarinyar ta leƙo daga zaure, ta yi ƙasa da murya: "Alhaji, tsakani da Allah, yana aiki kuwa?"