Rasuwar Auta, ta Ƙarshe a Akwatina

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har ya fara zuba, ni da iyalina muke sanar da 'yan'uwa, abokai, maƙwabta na sama da na ƙasa, da duk wanda ya taɓa shan shayi a barandata, rasuwar Auta, tabar ganye ta ƙarshe a cikin akwatina. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan dakalin tagar kicin, bayan jinyar kwana biyu. Ba na gida lokacin. Wannan kaɗai zai daɗe yana cin raina.

Saboda waɗanda ba su san marigayiyar ba, kada a haɗa ta da sigarin takarda da ake sayarwa kara-kara a bakin titi. Auta ganye ce zalla tun daga cikinta har fatarta. Da hannu aka naɗe ta a wani tsibiri mai nisa, ta fi tafin hannuna tsawo, kaurinta kamar babban yatsa. Su ashirin da biyar ne a gidansu, uwa ɗaya uba ɗaya, launi ɗaya, babu wadda ta fi wata duhu ko haske. Ita ce ta rage.

Ni makaranta ban wuce aji uku ba. Amma na yi shekara talatin da ɗaya ina tuƙa manya, kuma wanda ya zauna a gaban mota, kunnensa a buɗe bakinsa a rufe, ya yi karatun da ba a ba da takardarsa. Wani ubangidana da muke kira Mai Tumbi a bayan idonsa shi ya fara aike na sayen irin wannan taba. Na shiga kanti na ɗauko akwatin da ya fi kowanne ƙyalli, na kawo ina jiran yabo. Ya buɗe, ya shaƙa sau ɗaya, ya mayar da ni da shi a ƙafa, ga mota a ajiye. Daga ranar ya zaunar da ni ya koya mini. Saboda haka ranar da na ajiye aiki, na je zan saya wa kaina akwati ɗaya tak a rayuwata, sai da na sa mai kanti ya buɗe mini guda bakwai. Yana gumi yana tambayata ko aiko ni aka yi. Na shaida masa yau ni ne na aiko kaina.

A akwati na bakwai na haɗu da su Auta.

Duk wanda ya san marigayiyar zai yi mata shaida. Fatarta sumul take, da ɗan sheƙi kamar goshin jariri da aka shafa wa mai, babu jijiya mai kauri, babu tabo, babu tsaga. In ka latsa ta a hankali daga kai zuwa ƙafa, sai ta ɗan ba da kai ta dawo daidai. Ba ka jin ƙullutu a nan rami a can, wanda shi ne alamar mai naɗin yana sauri zai tashi aiki. In ka kai ƙafarta hanci, wato ɓangaren da ake kunnawa, sai ka ji itace, ka ji ƙasa bayan ruwan farko, can ƙasa-ƙasa kuma ka ji wani abu kamar gahawa. Ba ta taɓa yi wa hancin kowa tsawa ba. Ba ta da yawan magana. In ka murza ta kusa da kunne, abin da take cewa kawai shi ne “sss”, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Zoben takardar da ke wuyanta ɗan ƙarami ne, ruwan ƙasa, babu zinariya babu hoton kambi. Ba ta buƙatar ado. A wannan sana'a na lura cewa wadda ta fi kowa kwalliya ita ke da abin ɓoyewa.

Yayyenta ashirin da huɗu sun riga ta, kuma dukansu sun yi kyakkyawan ƙarshe. Kowace ta ci wuta daidai, ba gefe ɗaya ya tsere wa ɗaya ba, tokarsu fara-fara tana tsayawa tsawon gaɓar yatsa kafin ta faɗi. A cikin shekara biyar suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

A nan dole in faɗi abin da ya sa Auta ta daɗe. Bayan na ajiye aiki da 'yan watanni likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina, ya daɗe bai ɗaga ba, sannan ya dubi maiɗakina maimakon ya dube ni. Maiɗakina, wadda ni da 'ya'yanmu muke kira Gwamnati saboda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta, ta jira har muka iso gida. A tsakiyar falo ta tsayar da ni na yi mata alkawari: ranar da wannan akwati ya ƙare, ni da taba mun rabu, ba saye ba karɓar kyauta. Na yi alkawarin da sauƙin zuciya, domin a lokacin akwatin cike yake.

Da aka zo kan ta ƙarshe sai hannuna ya ƙi. Na ce sai ranar da muka gama rufin bene. Aka gama, na ɗauko almakashin yanka kai da ashana, na dube ta, na mayar. Na ce sai 'yar autarmu ta gama karatun jinya. Ta gama. Na ce sai an haifi jikan farko. Yanzu jikoki huɗu ne. Saje, tsohon ɗan sanda da ke zaune a ƙasanmu, ya sha yi mini gori cewa ni kaɗai ne ya sani da ke kiwon taba kamar akuya. Mai askin unguwarmu kuma ya ce tsoron Gwamnati ne. Duk ba su gane ba. Muddin Auta tana cikin akwatin nan, ni ba mutumin da ya daina ba ne, mutum ne da ke da sauran guda ɗaya a gabansa. Shekara shida ke nan ban kunna komai ba, amma kullum da la'asar nakan fito da ita baranda, in shaƙa, in murza ta a kunne ta ce mini “sss”, in miƙa wa Saje ya shaƙa ina riƙe da gefe ɗaya, sannan in mayar da ita. Kowane mako ina jiƙa ɗan soson da ke kusurwar akwatin, domin irinsu ba sa rayuwa sai da ɗan danshi, in kuma juya ta ɗaya gefen kamar mai jinya.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Na tafi wajen babban ɗanmu na kwana huɗu. Gwamnati ta ga dama ta samu, ta shiga ɗakina da tsintsiya da bokiti. Wannan baiwar Allah shekara talatin da takwas ke nan tana yaƙi da danshi. Katifa, takalma, littattafan yara, har hular da ke kaina, babu abin da bai ɗanɗani rana a hannunta ba. Ta buɗe akwatin, ta tarar da jiƙaƙƙen soso kwance kusa da abin da mijinta ya fi so a duniya bayan ita, ko kafin ita, kamar yadda take faɗa. Hankalinta ya tashi. Ta jefar da soson. Ta wanke akwatin da sabulu ciki da waje. Ta zuba masa ƙwayar kafur har uku saboda kwari. Ita kuma Auta ta shimfiɗa mata farin ƙyalle a dakalin taga, inda rana ke bugawa tun safe har azahar, ta bar ta ta sha iska.

Kwana biyu marigayiyar tana kwance a nan ba ta koka ba. Ranar Talata Gwamnati ta ɗauke ta za ta mayar da ita gida. An shaida mini cewa kalmarta ta ƙarshe ita ce “ƙaras”. Fatar ta tsage daga wuya har ƙafa ta kware kamar ɓawon albasa. An yi ƙoƙarin ceto ta da salatif, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa wannan sanarwa ta makara da kwana uku.

Na dawo ranar Laraba. Tun daga ƙofar ɗaki hancina ya gaya mini an yi rashi, domin warin kafur ya riga ni shiga. Na buɗe akwatin. Ga taba kwance a wurin Auta, sanye da zoben Auta. Sai dai zoben ya yi mata yawa, yana zamewa kamar agogon uba a hannun yaro. Na ɗauke ta. Fatarta busasshiya, da jijiyoyi kamar bayan hannun tsoho. Na latsa: nan dutse, nan auduga, nan kuma babu kowa a gida. Na kai hanci, sai ga turare a sama, ciyawa a ƙasa. Na murza ta a kunne, ta ce “ƙas-ƙas-ƙas” kamar ana taka busasshen ganye. Ko a mafarki wannan ba ta taɓa ganin tsibiri ba.

Na ɗaga kai, sai ga Gwamnati a bakin ƙofa tana goge kofin da ya riga ya bushe.

Na yi kamar ban gane ba. Da la'asar na fito da baƙuwar baranda kamar kullum, na shaƙa, na ce Auta ta ɗan rame amma da sauƙi. Saje ya kai ta hanci ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Kwana biyu ina shan shayi da madara har biyu, ana gyara mini matashi, ana tambayata ko fankar ta yi mini yawa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa samun irin wannan mulki ba, kuma ba zan ɓoye ba, na so ya kai mako.

Ranar Juma'a da safe ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ajiye mini wani farin hankici a cinya. A aljihun keken ɗinkinta ta ɓoye gawar. Ta ba ni labari duka ba ta dube ni ba. Ta ce bayan abin ya faru ta sa mayafi ta yi ta bin tituna tana tambaya, ita da ba ta taɓa taka ƙofar kantin taba ba, ita da ke bin hayaƙina da mafici tana tsaki. Ta shiga wani kanti inda aka jera su a gilashin taga rana tana dukansu, ta ce a ba ta wadda ta fi kowace tsada. Mai kantin ya dube ta ya san abin da ya samu. Ya ciro mata wata mai ƙaton zoben zinariya, ya rantse mata sarakuna ne kaɗai ke shan irinta. Ta zo gida ta cire zinariyar da reza ta sa mata na Auta. Sannan ta ce mini, tana kirana baban yara kamar yadda take yi in abu ya yi tsanani, tunda ita ta cinye mini ta ƙarshe, in kunna wannan in sha, ba za ta ɗauko mafici ba.

Na riƙe baƙuwar ina juya ta. Ga ashana a kan teburi, ga izini daga sama, ga shekara shida na jira. Sai na dubi idanun Gwamnati na ga sun yi ja, kuma ba hayaƙi ya sa ba. Na tuna fuskar likita.

Don haka ina sanar da jama'a a hukumance cewa akwatin ya ƙare ranar Talata, alkawari kuma ya cika. Baƙuwar za ta zauna a gidan Auta har abada ba tare da an kunna ta ba. Ita ce mafi munin taba da na taɓa riƙewa a shekara arba'in, kuma ko Mai Tumbi zai dawo duniya da akwati cike ba zan ba shi ita ba. Ɗazu na saya mata sabon soso. Gwamnati ce ta jiƙa shi da hannunta, tana yi tana kawar da kai.

Marigayiyar ta bar akwati ɗaya, wanda yanzu haka yake jinyar kafur, kuma masu sani sun ce zai daɗe. Ta bar almakashi ɗaya da bai taɓa samun taɓa ta ba, da kwalin ashana cikakke, da tokar yayyenta da ta ƙona wa kujerar baranda hannu tun tuni. Ta bar Saje da mai aski, waɗanda ba su taɓa sayen ko kara ɗaya ba amma sun fi kowa kuka. Ta bar ni.

Za a binne ta gobe Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a cikin babbar tukunyar fure da ke baranda, a gefen da inuwa take. Saje ya ba da shawarar a ƙone gawar, shi zai riƙe ta da bakinsa har ta gama. Iyali sun gode, amma sun ƙi. Masu zuwa ta'aziyya su ajiye ashana da abin kunna wuta a bakin ƙofa wajen Gwamnati. Kada kowa ya kawo madadi, an riga an samu. Kada a ambaci rana, ko taga, ko kafur. Bayan an rufe ƙasa za a zagaya da baƙuwar kowa ya shaƙa. Duk wanda ta iso hannunsa ya ce madalla ya miƙa wa na gaba. Wanda ya yatsine fuska, babu shayinsa.

Sanarwa daga tsohon direba, mijin Gwamnati.