Ranar da Na Ari Shanun Buba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi arzikin rabin yini ba. Har gobe in na tuna sai na ji zufa ta keto mini.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ɗana Lawali (ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa da baki ba, amma alƙalami ba shi da kunya) yana gab da gama kwaleji a Maraɗi. Ran kasuwar Gangara wani mai goro ya kawo mini saƙonsa. Wai gwamnati za ta tura yara Dakar karatun likita, ita za ta ɗauki ci da sha da kuɗin tafiya, abin da suke kira bursi. An sa sunansa, amma sai wani mushe (haka muke kiran ma'aikacin gwamnati da Faransanci) ya zo daga buro, wato ofis, ya ga gidanmu tukuna.

To, mu nan mun san zuwa ganin gida. In za a ba ka mata, ana turo mutane su duba ko kuna ci kuna ƙoshi. Na ce a raina, gwamnatin da za ta kai yaro bakin teku ai ba za ta ɗauki ɗan matsiyaci ya je ya kunyata ta ba. Ni kuwa abin da na mallaka jaki ne da akuya biyu, ɗayar ma gurguwa.

Na tafi ruga wurin abokina Buba, Bafillacen da ke kwana da garkensa a gonata da rani. Na ce ya ara mini shanu na yini ɗaya.

"Aure za ka ƙara, Kaɗo?" in ji shi, yadda Fulani ke kiran Bahaushe.

Na ce, "Wanda ya fi aure."

Ya yi ta dariya, amma ya koro su. Muka kafa turaku a ƙofar gida. Na ari babbar riga mai aiki wurin Alhaji Mati mai kanti. Uwar yaran ta yanka zakaran da muke ji da shi, tana cewa, "Malam, anya?" Na ce mata sha'anin gwamnati ba na mata ba ne. (Allah Ya yafe mini wannan maganar.)

Da hantsi mota ta tsaya. Mushe ya fito, Lawali na bayansa. Da yaron ya ga shanu, ya ga riga, sai ya tsaya cik. Na ɗauka murna ce.

Mai gari da dattawa duk sun hallara a gindin bishiyar bedi. Mushe ya ci kaza, ya sha fura, ya dubi garke ya ce, "Baba, waɗannan duk naka ne?"

Na gyara hannun riga. Na ce, "Kaɗan ke nan, Mushe. Sauran suna daji. Tun kakana gidan nan ba mu san rashi ba."

Ya ce, "Madalla! Ka sauƙaƙa mini aiki. Bursin nan na 'ya'yan marasa hali ne. Mai dukiya irin taka shi zai biya wa ɗansa. Akwai wani maraya a Gazawa, sai a ba shi gurbin." Ya miƙe yana karkaɗe wando.

Na dubi Lawali. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Yaron da ya yi shekaru yana cin tuwon gidan mutane a Maraɗi saboda wannan rana.

Na ce, "Mushe, tsaya. Ba nawa ba ne."

"Mene ne ba naka ba?"

"Shanun. Aro na yi."

Ya ce, "Haba Baba, kowa ya ji abin da na faɗa haka zai ce. Ina batun kakanka?"

Na ce, "Kakana ko tunkiya bai bari ba." A gaban mai gari na faɗi wannan, da surukina, da mutanen da nake wa limanci in liman ya yi tafiya.

Mushe bai yarda ba. Sai Buba, da ke tsaye da sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Abu mai sauƙi. Mai shanu ya kira shanunsa."

Na je na tsaya gabansu cikin babbar riga, na yi irin kiran da nake yi wa jakina. Wata farar saniya ta dube ni, ta juya mini baya, ta saki kashi. Buba ya koma can nesa ya ɗaga murya sau ɗaya da Fillanci. Kafin ka ce me, sun tumɓuke turaku sun bi shi, har da 'yan maruƙa.

Wuri ya kaure da dariya. Alhaji Mati ya ce, "To tunda an fara mayar da kaya, tuɓe mini rigata kafin zufa ta cinye ta." Na tuɓe. Na tsaya da tsohuwar taguwata mai faci a kafaɗa. Mushe ya ce a buɗe rumbu. Aka buɗe, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, don sai ka sunkuya sosai kake hango geron.

Da zai shiga mota ya ce, "Da haka na tarar da kai tun farko, da ko zama ban yi ba." Bayan kaka Lawali ya tafi Dakar.

Abin da na koya shi ne, in baƙo ya ce zai zo ganin gidanka, ka tambaye shi me zai gani kafin ka ɗauki tsintsiya. Talaucin da na yi rayuwata ina ɓoyewa, ashe shi kaɗai ne abin da gwamnati ta taɓa nema a hannuna ta tarar ina da shi isasshe.