Mai Neman Taki a Rugar Ardo Julde

Wani abokina mai kai dusa ƙauyuka ne ya ba ni labarin nan, kuma ya rantse a gabansa aka yi. Wata ƙungiyar kare daji ce ta zo ta zagaye makiyayar su Ardo Julde da waya mai ƙaya, wai ƙasa ta gaji da kofato, sai ta huta shekara biyar. Jami'in da aka ɗora a kan aikin irin mutanen nan ne da ba su san saniya ba sai a littafi da cikin miya. Sau uku Ardo yana zuwa ofishinsa yana roƙon a buɗe masa ko da gefe ɗaya ne kafin ruwa ya sauka, sau uku ana sallamarsa da takarda mai hoton bishiya. Ciyawa ta bushe a tsaye cikin waya, shanu na waje suna leƙenta, haƙarƙari duk a fili, wasu ma in sun kwanta sai an taru an ɗaga su. Abin gwanin ban takaici.

To Allah da ikonsa, dashen gawo da bagaruwa da jami'in ya yi a cikin wayar ya ƙi kamawa, ganye duk ya yi rawaya, ga shi saura mako biyu manyan baƙi su zo duba aiki. Aka ba shi shawara cewa ƙasar kashin shanu take so. Gogan naka ko kunya babu, ya loda buhuna a bayan mota sai ruga. Ya tarar da Ardo a tsugune yana jiƙa wa wata ramammiyar saniya dusa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Baba Ardo, taimako muka zo nema. Takin shanu muke so, kamar buhu ɗari."

Ardo ya ce, "Ikon Allah. Na zamani ya ƙare a birni ne, Yallaɓai?"

"Masana sun ce na shanu ya fi gyara ƙasa."

"Su masanan da suka ce shanu ne ke kashe ta?"

Jami'i ya gyara hula ya ce, "Wancan bincike daban, wannan daban."

Ardo ya ce to ga wurin kwanan shanu can, su kwashi duk abin da suka samu. Ma'aikatan da jami'in ya zo da su suka shiga da shebur, suka kankare nan suka kankare can, da ƙyar suka haɗa rabin buhu. Ran jami'i ya ɓaci.

Ya ce, "Garke guda, amma ɗan wannan? Baba Ardo, ɓoyewa kuka yi. Wannan rashin ba da haɗin kai ne, kuma zan rubuta."

Ardo ya ce, "Ka buɗe mana ƙofa kwana bakwai, su shiga su ci, su zuba maka shi har gindin dashen. Ko buhu ba ka buƙata."

"Doka ta hana. Ni ba maganar ciyawa ta kawo ni ba, maganar taki nake yi."

Ardo ya share hannu a jikin riga, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, saniya ba irin ofishinku ba ce, da ake fitar da rahoto ba a yi aiki ba. Ka ɗaure mata baki, sannan ka zagayo bayanta ka tara buhu?"