Yadda Alhaji Ɗayyabu Ya Jeme Kwandala

Duk wanda ya ce Kano ta rasa masana, bai taɓa zama gaban Alhaji Ɗayyabu ba, tsohon manajan wani kamfanin fata da ke Challawa, wanda ya naɗa wa kansa rawanin Garkuwan Kwandala. Babu wanda ya yi masa jayayya, domin babu wanda ya san akwai sarautar.

Tun da ya ajiye aiki ya duƙufa ga tara kwandalolin da aka daina karɓa a kasuwa: kwabo, sule biyar mai hoton masara, naira guda. Burinsa ɗaya ne, ya zama shugaban ƙungiyar masu adana tsofaffin kuɗi, wadda ke zama a wani ɗakin taro a Bompai. Abokin takararsa shi ne Malam Obadiya, tsohon direban babbar mota, mai ajiye nasa a busasshen gwangwani kamar wanda bai yi boko ba.

Alhaji kuwa mutum ne mai ilimin adana kaya. Ya ce wa uwargidansa Hajiya Atika, "Ni da na hana kirgi dubbai ruɓewa, ƙarfe ne zai gagare ni? Abin da ya tsare fata shi zai tsare tarihi." Sai ya shimfiɗa kwandalolin a akwati, ya lulluɓe su da gishiri hawa-hawa, kamar yadda ake yi wa ɗanyar fata, ya tura ƙarƙashin gado. Damina ta zo ta yi aikinta.

Da ranar zaɓe ta matso, wadda a cikinta kowane ɗan takara zai baje abin da ya tara, aka buɗe akwatin. Kwandalolin sun yi ja wur, sun manne da juna kamar ƙanzo.

Hajiya ta leƙa ta ce, "Alhaji, to a kawo manja da yaji?"

Alhaji ya rufe akwatin. Babban mutum ba ya kuskure, sai dai ya shiga mataki na biyu. Ya ɗauki akwatin zuwa tsohon kamfaninsu, ya tara ma'aikata, ya yi jawabi: "Tsatsa gashi ce. Yadda muke tuge gashi daga fata, haka za mu tuge ta. Ku zuba a ganga!"

Aka zuba su a gangar da ake juya fatu, aka ƙara ruwan asid da yashi, aka kunna inji. Da ma'aikatan suka nemi kashewa, ya ɗaga hannu ya ce a bari ta jemu.

Ta kuwa jemu. Tsatsa ta tafi, masara ta bi ta, mikiya da dawakan tambarin ƙasa suka rufa musu baya. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ranar zaɓe Malam Obadiya ya jera nasa, dusu-dusu, amma kowace da shekararta a jiki. Alhaji ya gyara babbar riga, ya zazzage nasa a faranti, suna ƙyalli, sumul kamar goshin jariri.

Wani dattijo ya juya ɗaya gaba da baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta wace ƙasa ce?"

Alhaji ya ce, "Nan ne zurfin aikin. Na 'yantar da su daga ƙasa da zamani."

'Yan ƙungiya suka jinjina wannan hikima ƙwarai, sa'an nan suka zaɓi Obadiya.

Sai dai ba a ce aikin masani ya tafi a banza ba. Masu gadin wata masana'anta a Sharada sun roƙi farantin, suka mayar da kwandalolin 'ya'yan dara. Da yake duk kamarsu ɗaya, ɓangare guda ke riƙe su, ɗayan ya tsinci tsakuwa. Alhaji kan tsayar da mota a wurin, ya shaida wa masu wucewa cewa a duk Kano kayan tarihinsa kaɗai jama'a ke rububi a kai.

Gaskiya ya faɗa, ana rububin. Kowa so yake a ba shi tsakuwa.