Ƙotar Gizagon Marigayi

"…da jikin kuma, amarya?"

"Jiki da sauƙi. Tun da idon nan ya tafi na huta da ganin fuskarka, ka ga an rage mini ciwo ɗaya. Wa ya bar ƙofa a buɗe har warin kananzir ya shigo?"

"Ba wari ba ne, turaren ango ne."

"Ango ko juji? Zauna daga nesa, Mai Tsatsa, kar ka goga mini a zani."

Ranar Talata ce da hantsi, kwana tara ke nan da sallamo tsohuwar daga asibiti. Likita bai ce ta warke ba. Cewa ya yi a kai ta gida, a ba ta duk abin da ranta yake so. Ciwon suga ya cinye idanunta shekara biyu da suka wuce, yanzu ya koma kan ƙoda. Ɗakin ƙarami ne: gadon ƙarfe, kujera ɗaya, kwalaben magani a bakin taga, bokiti a ƙarƙashin gado. 'Yarta, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ita ce mai jinya.

Wanda ya shigo jikanta ne, magidanci mai shekara talatin da shida, malamin aikin katako a wata makarantar koyon sana'a. Ita ta laƙaba masa Mai Tsatsa, saboda da zarar an tashi daga makaranta ba shi da aiki sai bin filin 'yan gwangwan, yana tono tsofaffin zartuna da gudumomi da magagarai, yana kai su wani ɗan shago ya gyara.

Abin ya samo asali ne daga rasuwar kakansa, wanda ya yi shekara hamsin yana sassaƙa. Ba a yi wata biyu da binne shi ba, babban ɗansa, wato Baffa, ya kira ɗan gwangwan ya auna akwatin kayan aikin gaba ɗaya a kilo. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Abu ɗaya kawai take tambaya tun daga ranar, shi ne gizagon mijinta. An san maƙerin da ya ƙera shi ya buga ɗigo uku a gindin ruwan, wato ƙarfen. Sau uku jikan yana kawo gizago mai ɗigo uku, sau uku tana korarsa, don maƙerin nan duk abin da ya ƙera sai ya buga masa ɗigo uku. Wannan ne na huɗu, kuma kowa a gidan ya san da wuya a samu lokacin kawo na biyar.

"Yau dai na zo da abin da zai rufe miki baki," in ji shi, yana warware wani tsumma a kan cinyarsa.

"Bakin da likitoci uku suka kasa rufewa? Me ka tsinto mini kuma? Wancan karon fartanya ka kawo."

"Gizago ne, ke ce ba ki gani."

"Ni ba na gani, kai ba ka ganewa. Wa ya fi wani asara?"

"To ki saurara. Wani mai gadi ne ya saye shi a hannun ɗan gwangwan ɗin nan, ya yi shekara uku yana faskare da shi, da bakin ya dakushe ya mayar. A ƙarƙashin tulin ƙarafan mota na zaƙulo shi. Kwana uku na jiƙa shi a kananzir. Na bi shi da burushin waya, na daidaita bakin da magagari, na wasa shi har yana aske gashin hannu."

"Kai da ko gemu ya ƙi ka, ina ka samu gashin gwaji?"

"A kanki zan gwada, don dai babu abin askewa."

"Ɗan banza. Miƙo."

Ya ɗora mata a tafin hannu, ya juya kaifin ya kalli bango. Hannuwan sun kumbura, amma yatsun suna aiki. Ta fara da ƙarfen. Ta lalubo ɗigo ukun, ta wuce su ba ta ce komai ba. Ta gangaro kan ƙotar, ta shafa daga sama har ƙasa, ta sake dawowa. Sai ta kai shi hanci ta shinshina, ta tura masa abinsa.

"Ɗauke."

"Ba ki ma gama dubawa ba."

"Na gama. Wannan ko gumin mutum bai taɓa sha ba. Sumul kamar kanka, ciki da waje babu komai."

"Ai sabuwar ƙota na sa masa. Da hannuna na sassaƙa, na goge, na shafa mai. Ko marigayin ya gani sai ya ce na fi shi."

"Da ya gani da ita zai rotsa maka kai. Ina tsohuwar?"

"Ga ta nan a kwance tana zagina."

"Ƙotar nake tambaya, mai kunnen ƙashi."

"Wannan ai ta gama yawo. Ta tsage daga sama, ta yi baƙi ƙirin, ga shi ɓera ya gwaguye tsakiyarta. Wa zai kawo wa amarya kaya da cizon ɓera?"

Gwaggo, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, ta dubi ɗan ɗan'uwanta, shi ma ya dube ta.

"A tsakiya?" in ji tsohuwar.

"A tsakiya."

"Sama da ƙasa, kamar an haɗa baki?"

"Haka. Ƙaton ɓera ne kuwa, irin na bayan kasuwa. Haƙoransa ma a karkace."

"Uwarka ce mai karkatattun haƙora! Ni ce ɓeran."

"Wannan ai tun ina yaro na sani, duk abin da na ɓoye ke kike sacewa."

"Ba wasa nake ba, Mai Tsatsa."

Ta nemi a tayar da ita zaune. Gwaggo ta jingina ta da matashi biyu, sai da numfashinta ya daidaita sannan ta yi magana, ba tare da ɗaga murya ba. Haihuwarta ta fari, ta ce, a ɗakin da ke jikin rumfar sassaƙa ta same ta. Kwana biyu tana naƙuda, yaron ya zo a juye. Da ungozoma ta ga za ta datse harshenta, sai ta leƙa rumfa ta ɗauko abin da hannunta ya fara kaiwa, ta cusa mata ƙotar gizagon a baki. Da aka gama, haƙoranta sun nutse cikin itacen. Mijin ya yi shekara arba'in da wani abu yana aiki da ƙotar nan. Sau biyu tana tsagewa yana ɗaure ta da waya, bai yarda ya canja ba.

"Yaron kuwa," in ji ta, "shi ne Baffanka. Wanda ya auna shi a kilo."

Gwaggo ta ajiye kofin a taga.

"Ina ka kai ƙotar?" in ji tsohuwar.

"Cikin buhun guntayen katako."

"Buhun yana ina?"

"Mai shayin bakin layinmu ne ke ɗauka. Da shi yake hura wuta."

"Yaushe yake ɗauka?"

"Jiya da yamma ya ɗauka."

"To madalla. Ɗaya ya sayar, ɗaya ya ƙona. Na haifi ɗan kasuwa, ita kuma zuriyar ta kawo mini mai gyara. Tashi ka ba ni wuri. In ka dawo ka tarar na tafi, ka goge ni ka shafa mini mai, kar mutane su ga tabo."

Ya fita bai ɗauki hularsa ba. Daga gidan zuwa layin shagonsa tafiyar minti goma sha biyar ce a babur. Gwaggo ta ce a cikin lokacin tsohuwar ta tambayi ƙarfe nawa sau huɗu, ta ƙi shan magani, ta kuma yi amai sau ɗaya. Mai shayin ya ba da nasa labarin daga baya. Ya ce mutumin ya diro daga babur ko sallama babu, ya zazzage buhun a ƙasa, da bai ga abin da yake nema ba sai ya sa hannu cikin murhu ya fara jawo itace ɗaya bayan ɗaya, tukunya tana tafasa a kai. Na biyar ɗin da ya jawo ya tsoma a bokitin wanke kofuna.

Minti hamsin ya yi. Ya dawo da yatsu biyu a ɗaure da tsumma.

"Har yanzu kina nan? Na ɗauka zan samu gadon nan babu kowa in kwanta."

"Sai na binne ka tukuna. Warin me nake ji? Da kananzir ne, yanzu ƙauri. Gasa ka aka yi?"

"Saboda ke na shiga wuta. Wane ango ne ya taɓa yi miki haka?"

"Tun a duniya ka fara? Gara ka saba. Miƙo."

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙotar ya zama gawayi, daga ƙasa inda ake riƙewa. Sauran yana jiƙe, tsagar tana nan da ragowar tsatsar waya. Ta karɓa da hannu biyu. Gawayin ya ɓata mata yatsu da zanin gado, Gwaggo ta matso za ta goge, ta ture ta da gwiwar hannu. Ta bi itacen a hankali har ta iso tsakiya. Nan yatsanta ya tsaya. Wutar ta tsaya ne kamar faɗin yatsa biyu kafin wurin.

"Kawo hannunka."

"Wanne? Ɗaya ya dahu."

"Ɗanyen."

Ta kama ɗan yatsansa ta ɗora a kan ramukan, tana matsa shi daga wannan zuwa wancan.

"Ƙirga. Ɗaya, biyu. Me ka ji a nan?"

"Babu komai. Fili ne."

"To wuce. Uku, huɗu. Wannan filin wushiryata ce. Ita kakanka ya gani ya bi ni har gidanmu. Ka taɓa ganin ɓera mai wushirya?"

"Yau na gani."

"Allah ya shirye ka."

"Ni dai ban yarda ba sai an gwada. Buɗe baki mu sa, in haƙoran sun shiga ramin, na sallama."

"Waɗanne haƙoran?"

"Ashe ba ki da shaida. A kotu an kore ki."

Ta buɗe baki za ta rama, sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe. Gwaggo ta riƙe mata goshi, jikan ya riƙe bokiti, tsohuwar kuma ba ta saki ƙotar ba. Da abin ya lafa, ta koma kan matashi, ƙotar tana kwance a ƙirjinta.

"Cire waccan sumul ɗin ka mayar da wannan."

"Kaka, ba za ta yi aiki ba. Ta tsage, ga ƙuna. Sara ɗaya za ta rabu biyu."

"Ni aikin me nake yi yanzu? Ka ga an sa ni a buhun mai shayi?"

Ya fita tsakar gida, ya nemo guduma a wurin Gwaggo, ya buge sabuwar ƙotar ta fita. Da hannu ɗaya da rabi ya mayar da tsohuwar, ya ɗaure tsagar da guntuwar waya da ya kwance daga igiyar shanya. Ruwan yana ƙyalli, ƙotar baƙa, rabi gawayi. Ya kawo ya ajiye a gefenta, kaifin yana kallon bango.

Ta shafa sau ɗaya daga sama har ƙasa.

"Shi ne," in ji ta. "Ka ɓata shi, amma shi ne."

"Godiyar ke nan?"

"Ɗaga katifar nan ta wajen kaina. A hankali, ba buhun gwangwan ba ne."

Ya ɗaga. Wani abu ne a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Dutsen wasi ne, tsawon tafin hannu, tsakiyarsa ya lotsa kamar cokali saboda yawan guga, baƙin mai ya kama shi ko'ina.

"Ranar da Baffanka ya zo da ma'auni na sace shi daga akwatin," in ji ta. "Shekara huɗu ina kwana a kansa. Ɗauka. In na tafi ka haɗa da gizagon, kar ka bari ya kai hannun mai kilo."

Jikan ya juya dutsen a hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai ya yi datti. Kwana uku a kananzir, in daidaita ramin nan…"

"Ka taɓa shi da kananzir ka gani! Wallahi in dawo in cije ka."

"Da me?"

Sai ta yi dariya, baki a buɗe, babu haƙori ko ɗaya. Gwaggo ta matso da bokitin kusa, don ta san abin da ke biyo bayan dariyar.